Kuɗin Coci a Aikin Matasan Maraɗi: Inda Yake Fitowa da Abin da Yake Iya Gyarawa

A jihar Maraɗi ta Nijar, inda kusan kowa Musulmi ne, a ƙasar da Kiristoci ba su kai kashi ɗaya cikin ɗari na al'ummarta ba, akwai ayyukan matasa waɗanda idan aka bi sawun kuɗinsu za a tarar daga wata majami'a ko wata ƙungiyar Kirista ya fito. Wasu suna koyar da sasanta rikici kafin a kai ga doke-doke, wasu suna horar da iyaye da malamai kan kare yara daga cin zarafi, wasu kuma sana'a suke koya wa samari da ƴan mata domin a raba su da zaman banza. Mutanen gari sukan kalli irin wannan kuɗi ta fuska biyu. Akwai masu ganin tarko ne aka ɗana wa ƴaƴan Musulmi, akwai kuma masu ganin furoje ne kamar kowane furoje, a je a zauna kwana uku a karɓi kuɗin zama a watse. Dukansu sun yanke hukunci tun kafin su san yadda kuɗin yake tafiya, alhali a tafiyar tasa ne ake gane wanda zai amfani yaro da wanda zai ƙare a takarda.

Abin da ake kira kuɗin coci ba daga aljihu ɗaya yake fitowa ba. Akwai baikon da masu ibada suke sakawa ranar Lahadi, akwai kuma gudummawa ta musamman da ake tarawa a lokacin azumin Kirista na kwana arba'in, wadda ƙungiyar Misereor ta Katolikan Jamus, da aka kafa a 1958, take gudanarwa kowace shekara. Ƴan Furotesta na Jamus su ma suna da tasu, Brot für die Welt, wadda ta fara a 1959. A Jamus ɗin har haraji ake karɓa domin coci: duk wanda ya yi rajista a matsayin ɗan wata ɗarika, ana ƙara masa kashi 8 ko 9 cikin ɗari a kan harajin da yake biya na abin da yake samu, kuma wani ɗan kaso na wannan yana shiga aikin agaji a ƙasashen waje. Sai dai abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba shi ne, babban rabo na abin da waɗannan ƙungiyoyi suke kashewa daga baitulmalin gwamnati yake zuwa. Gwamnatin Jamus tana bai wa Misereor da Brot für die Welt kuɗi mai yawa su yi aiki da shi, kamar yadda Catholic Relief Services ta Amurka, wadda aka kafa a 1943, ta daɗe tana samun kaso mai tsoka daga gwamnatin Amurka. Kuɗin gwamnati kuwa yana zuwa da sharaɗin cewa ba za a yi wa'azi da shi ba, saboda haka sau da yawa sunan coci ne a kan allo, amma dokokin da ake bi na ma'aikatar gwamnati ne.

Kafin kuɗin ya iso unguwa yakan bi ta hannu biyu ko uku. Ƙungiyar waje tana ƙulla yarjejeniya da wata ta cikin ƙasa, kamar CADEV, wato reshen agaji da raya ƙasa na cocin Katolika a Nijar, ko sashen ayyuka na wata ɗarikar Furotesta, ita kuma ta nemi ƙananan ƙungiyoyin da za su yi aikin a ƙasa. Ƙaramar ƙungiyar da take son tallafi sai ta kasance tana da izinin hukuma a ƙarƙashin dokar ƙungiyoyi ta 1984, tana da asusu a banki, ta kuma iya rubuta takardar neman tallafi da Faransanci, inda za ta bayyana matsalar, da yawan mutanen da za a taɓa, da kasafin kuɗi layi bayan layi. Idan aka amince, ba a zuba kuɗin gaba ɗaya. Ana ba da kashi na farko, sai an kawo rahoto da rasiɗai sannan a saki na biyu, kuma wa'adin yawanci daga shekara ɗaya ne zuwa uku. Tun da yuro ɗaya a tsaye yake a kan sefa 655.957, tallafin yuro 10,000 yana kama sefa miliyan shida da rabi da ƴan kai. A kunnen mai zaman fada, wato majalisar hirar samarin unguwa, wannan dukiya ce, amma idan aka cire albashin ma'aikata biyu, da man babur, da hayar ofis, da kuɗin mai binciken lissafi, abin da ya rage wa yaran ba shi da yawa.

Wannan tsari yana da lahani guda da ya kamata a faɗa a fili, domin yana tace mutane ta hanyar iya Faransanci da iya rubuta rahoto. Shugaban fadar da samarin unguwa suke jin maganarsa, da ɗan kabu-kabun da ya san wanda yake sayar da taramol a kowace kwana, da malamar Islamiyya da ƴan mata suke kai wa kukansu, ba su ne suke cin gasar neman tallafi ba. Masu cin ta su ne waɗanda suka ƙware a harshen masu ba da kuɗi, kuma wasunsu ba su taɓa raba faɗa ko sau ɗaya ba.

Me ya sa majami'u suka damu da zaman lafiyar matasan Maraɗi? Amsar tana cikin tarihin garin. Ƴan mishan na SIM sun shigo Nijar a shekarun 1920, suka zauna a Damagaram sannan a Tsibiri, daga baya suka buɗe asibitin kutare a Danja, inda aka ƙara cibiyar kula da masu yoyon fitsari a 2012. A ƙarƙashin aikinsu ne Tony Rinaudo, ɗan Ostareliya, ya yi aiki da manoman yankin a shekarun 1980 wajen yaɗa sassabin zamani, wato barin tohon itatuwa ya girma a gona maimakon a sare shi, aikin da ya mayar da itatuwa gonaki masu yawa kuma manoma Musulmi suka runguma ba tare da wani ya bar addininsa ba. Katolika kuma sun mayar da Maraɗi mazaunin bishop a 2001, Ambroise Ouédraogo ya zama na farko. Amma wannan daɗewa ba ta hana su ganin wuta ba. A watan Nuwamba na 2000, zanga-zangar adawa da bikin nuna kayan ƙawa na FIMA ta rikiɗe a Maraɗi, aka afka wa mashaya da gidajen mata masu zaman kansu da wata majami'a. A Janairun 2015, bayan zanen ɓatanci na jaridar Charlie Hebdo, an ƙona majami'u da dama a Damagaram da Yamai, mutum goma suka rasa rayukansu. A Yunin 2019 kuma, bayan an kama wani limami da ya soki daftarin dokar tsara harkokin ibada, matasa sun cinna wa wata majami'a wuta a unguwar Zariya ta cikin Maraɗi. A duk waɗannan lokuta, yawancin masu riƙe da duwatsu da tayoyi samari ne. Saboda haka idan coci ta sa kuɗinta a tarbiyyar samarin gari, tana da buƙatar kanta a ciki, kuma a ganina wannan ba abin zargi ba ne, domin wanda aka taɓa ƙona wa ɗaki shi ya fi cancanta ya damu da inda ake ajiye ashana.

Tsoron da iyaye suke yi na a juya wa ƴaƴansu addini ba abin raini ba ne, kuma ba a kawar da shi da cewa jahilci ne. Manyan ƙungiyoyin agaji na Kirista, ciki har da Caritas ta duniya da Catholic Relief Services da Majalisar Majami'u ta Duniya, suna cikin waɗanda suka fito da ƙa'idar aikin agaji ta 1994 tare da Red Cross, wadda ta ce ana ba da taimako ne bisa buƙata kawai, ba za a yi amfani da shi wajen tallata wani addini ko wata siyasa ba. Amma akwai ƙananan ƙungiyoyi da majami'u masu cin gashin kansu da ba su sa hannu a kan komai ba, kuma wasunsu ba su raba agaji da bishara. Uba yana da hanyar gane bambancin ba tare da ya karanta wata yarjejeniya ba. Ya duba ko akwai limami da mai unguwa a kwamitin da yake tafiyar da aikin, kuma ko ana nuna musu kasafin kuɗin ko kuwa ranar buɗe taro kawai ake gayyatar su a ɗauki hoto. Ya duba ko halartar addu'ar wani addini sharaɗi ce ta samun abinci ko kayan sana'a, ko ana tashi idan lokacin salla ya yi, ko kuma an nemi izininsa kafin a rubuta sunan ɗansa. Haɗin gwiwa na gaskiya abu ne mai yiwuwa, kuma ba sai an je nesa ba kafin a gan shi: a Kaduna, Imam Muhammad Ashafa da Fasto James Wuye, waɗanda a da suke jagorantar matasa masu gaba da juna, sun kafa cibiyar sasanci tare a shekarun 1990, kuma sun yi sulhu a garuruwa da dama.

To amma rikicin addini, duk da shi ne ya fi jan hankalin masu ba da kuɗi, ba shi ne tashin hankalin da matashin Maraɗi ya fi gamuwa da shi ba. Wanda ya fi yawa shi ne na gona da burtali tsakanin manoma da makiyaya, wanda mafi muninsa a tarihin jihar shi ne abin da ya faru a Toda a 1991, inda aka kashe Fulani fiye da 100, akasarinsu mata da yara, kuma shekara biyu bayan haka aka kafa dokar tsarin karkara ta 1993 mai kwamitocin kula da filaye. Akwai ƴan bindiga da masu satar mutane da shanu a kan iyaka, a gundumomin Gidan Runji da Madarumfa, kuma tun 2019 dubban ƴan gudun hijira daga Sakkwato da Zamfara da Katsina suka kwararo jihar, aka tsugunar da wasu a Garin Kaka da Cadakori da Ɗan Daji Makau. A cikin gari kuma akwai faɗan ƙwaya, da rikicin fada da fada a kan budurwa ko kan iyakar unguwa. Duk wannan yana faruwa ne a ƙasar da kusan rabin mutanenta ba su kai shekara 15 ba, a jihar da ƙididdigar lafiya ta 2012 ta nuna mace tana haihuwar ƴaƴa fiye da takwas a matsakaici. Shirin da ya tsaya kan tara limamai da fastoci su yi musabaha ya taɓa gefe ɗaya ne kawai.

Abin da aka gwada aka ga ya yi tasiri a wasu ƙasashe yana da kamanni ɗaya: yana ɗaukar lokaci, kuma yana zuwa wurin waɗanda matsalar take jikinsu. A Monrobiya ta Laberiya an ɗauki samari kusan 1,000, tsofaffin mayaƙa da ɓarayi da dillalan ƙwaya, aka yi wa wasu horo na mako takwas kan danne fushi da tsara rayuwa, aka ba wasu dalar Amurka 200, wasu kuma aka haɗa musu biyun. Waɗanda suka samu horon da jarin tare su ne laifi da faɗa suka fi raguwa a cikinsu, kuma da aka koma bayan shekara goma an tarar bambancin yana nan. A gundumar Luwero ta Yuganda, wani shiri na wata 18 a makarantun firamare ya rage dukan da malamai suke yi wa yara da kashi 42 cikin ɗari, kamar yadda binciken da aka wallafa a 2015 ya nuna. A nan gida ma, makarantar mazaje da aka fara a jihar Damagaram, inda magidanta suke tattauna lafiyar mata da iyali, ta yi nasara ne saboda magidanta ne suke zama da ƴan uwansu magidanta a kai a kai, ba baƙo ne yake zuwa ya yi jawabi ya tafi ba. Idan aka auna wannan da abin da aka saba gani, wato bita ta kwana biyu a otal, da wasan ƙwallo na zaman lafiya, da riguna masu tambari, za a ga dalilin da ya sa rahoto yake cika da lambobi alhali unguwa ba ta canza ba. Bita tana da sauƙin lissafi, shi ya sa ake son ta.

Ɓangaren kare yara daga cin zarafi ya fi wannan wuya nesa ba kusa ba, saboda yana shiga cikin gida. Mai cutar da yaro yawanci ba baƙo ba ne. Maƙwabci ne, ko ɗan uwa, ko malami, ko mai gidan da yarinya take yi wa aikatau, ko mai sayen abin da take talla. Idan abin ya fito, abin da aka fi yi shi ne rufin asiri: manya su zauna, a ba da haƙuri, wani lokaci a biya wani abu, a ce kada a ɓata wa yarinya suna ta rasa mijin aure, mai laifin kuma ya ci gaba da zamansa kusa da wasu yaran. Almajirin da yake kwana a zaure ko tasha ba shi ma da wanda zai zauna a madadinsa. Ga kuma batun aurar da ƙananan yara, inda ƙididdigar 2012 ta nuna kashi 76 cikin ɗari na ƴan matan Nijar ana aurar da su kafin shekara 18, kashi 28 kafin 15, a Maraɗi kuwa adadin ya kusa kashi 90. A nan ne kuɗin coci ya fi buƙatar taka-tsantsan, domin duk maganar da ta shafi aure da tarbiyya idan aka ji ta fito daga bakin da ake zargi, an gama rufe mata ƙofa ko da gaskiya ce. Hujjar da za ta shiga kunnen uba tana wurin malaminsa, wanda zai tuna masa hadisin da ya ce babu cuta babu cutarwa, da wurin ungozomar da ta ga abin da doguwar naƙuda take yi wa yarinyar da ƙugunta bai gama ƙwari ba. Aikin kuɗin shi ne ya ba waɗannan mutane horo da abin hawa, ya bar musu maganar.

Dole kuma a ce majami'u ba su zo wannan fage da hannu mai tsabta ba. Tonon asirin da aka yi a Amurka da Ailan da Jamus da Faransa ya nuna yadda aka yi shekaru ana ɓoye limaman coci masu lalata da yara, ana sauya musu wurin aiki maimakon a miƙa su ga shari'a, har Fafaroma Francis ya tara shugabannin bishop-bishop na duniya a Rum a Fabrairun 2019, sannan a watan Mayu ya fitar da dokar da ta wajabta wa ma'aikatan coci kai rahoto. Ƙungiyoyin agaji da ba na addini ba su ma sun sha tasu kunyar, musamman bayan abin da ya bayyana a 2018 game da lalatar ma'aikatan Oxfam a Haiti. Daga wannan ne sharuɗɗan da yanzu suke biyo kusan kowane tallafi suka ƙara tsauri: a binciki halin ma'aikaci kafin a ɗauke shi, kada babba ya keɓe da yaro shi kaɗai, kada a ɗauki hoton yaro ba da izinin iyaye ba, a samar da wanda yaro zai kai wa ƙara ba tare da ya bi ta kan wanda yake tsoro ba. Waɗannan ƙa'idoji ba su da addini, kuma makarantar allo da Islamiyya da lakwal duk suna buƙatar su daidai da yadda makarantar mishan take buƙata.

A nawa ra'ayin, ma'aunin da ya fi kowane shi ne abin da zai faru ranar da yarinya ta buɗe baki ta faɗi abin da aka yi mata. Wayar da kai tana sa yara su fara magana, kuma shirin da ya sa su magana bai tanadi abin da zai biyo baya ba ya jefa su cikin haɗari ne, domin mai laifi ya ji, taimako kuma bai zo ba. Wadda aka yi wa fyaɗe tana buƙatar a kai ta likita cikin awa 72, saboda maganin kariya daga ƙwayar cutar sida bayan wannan wa'adi ba ya aiki. Tana buƙatar takardar shaidar likita, da wanda zai raka iyayenta wurin ƴan sanda ko jandarma, da wanda zai bi maganar har gaban alƙalin yara, wani lokaci ma da wurin da za ta kwana idan mai laifin a gidan yake. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan kuɗi ne, na mota da na magani da na mai bibiya, kuma talakan ƙauyen Dakoro ko Mayahi sau da yawa kuɗin motar ne yake sa ya haƙura. Duk wanda aka ba kasafin wani shiri ya duba, ya nemi wannan layin. Idan ya ga an ware miliyoyi don bita da alluna, ba a ware ko jika ɗaya don kai yaro asibiti ba, ya san shirin bai yi tsammanin wani yaro zai yi magana ba.

Halin da ake ciki yanzu ya ƙara matse lamarin. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 ƙasashen Yamma da dama sun dakatar da tallafin da suke ba gwamnati, takunkumin CEDEAO, ƙungiyar ƙasashen Yammacin Afirka, ya rufe iyaka da Najeriya na tsawon watanni, abin da ya taɓa kasuwar Maraɗi da ayyukan samarinta kai tsaye. Hukumomin ƙasa sun ƙara sa ido kan ƙungiyoyin waje, sun janye izinin wasu, a 2025 kuma suka sallami kwamitin Red Cross na ƙasa da ƙasa. A shekarar ce kuma gwamnatin Amurka ta rushe hukumarta ta agaji, USAID, abin da ya yanke wa ƙungiyoyin Kirista masu dogaro da ita kaso mai yawa na kuɗinsu. Abin da ya rage ya fi karkata ga baikon masu ibada, wanda ya fi ɗorewa amma ya fi ƙanƙanta. Maraɗi kuwa gari ne na alhazai ƴan kasuwa da suka saba gina masallatai da rijiyoyi da ciyar da mabuƙata a watan azumi, sai dai biyan albashin wata mata da za ta riƙa bin kadin yaran unguwa wata bayan wata bai shiga cikin abin da aka saba kira sadaka ba tukuna. Ƙungiyar da za ta karɓi tallafin coci na shekara biyu ya kamata tun ranar sa hannu ta zauna da hukumar gari da masarauta da ƴan kasuwar unguwa, a rubuta wanda zai ɗauki nauyin wannan ma'aikaciya da man baburinta daga wata na ashirin da biyar, domin shari'ar yaron da aka shigar a shekara ta biyu ba lalle ne ta ƙare kafin wa'adin kuɗin ya cika ba.